Fam ɗin Kawu da Adashen Inna

An haife ni a Unguwar Rogo cikin garin Jos. A nan na yi karatun allo da na boko, a nan kuma na koyi aikin jinya, na yi shekaru ina yinsa kafin Allah ya buɗe mini hanyar zuwa Ingila a 2021, lokacin da asibitocin ƙasar suke ɗibar ma'aikatan jinya daga Najeriya da Indiya da wasu ƙasashe a zamanin annobar korona. A birnin Manchesta na sami aiki. Labarin da zan bayar ya faru ne tsakanin Oktoban 2022 da tsakiyar 2023, kuma ya shafi kuɗin ƙasashe biyu da aka janye daga hannun jama'a kusan a lokaci guda, alhali kowanne yana nesa da bankin da ya buga shi: fam ɗin Ingila yana Jos, nairar Najeriya kuma tana Manchesta.

A farkon Oktoban 2022 na zo gida hutu. Wani dare bayan sallar isha'i, Kawu, ƙanen mahaifiyata, ya aiko yaro ya kira ni gidansa da ke Gangare. Kawu ya daɗe yana sana'ar duwatsu masu daraja, irin waɗanda ake haƙowa a Filato da Nasarawa da Kudancin Kaduna da tsaunin Mambila a kawo su Jos a sayar wa baƙi, kuma a zamanin da kasuwar take ci, wasu masu sayen da kuɗin waje suke biya. Da na shiga ya rufe ƙofa, ya jawo gafakar Alƙur'aninsa, ya zaro wata ambulan da ta sha ninki, ya ajiye a gabana ya ce, "Ɗana, ƙirga ka gani." Takardun fam 50 ne guda 30 da na fam 20 guda 25, jimilla fam 2,000. Ya ce shekara da shekaru yana tara su don kujerar Makka, domin ya lura naira kullum ramewa take yi, fam kuwa yana nan yadda aka ajiye shi. Da ya ji an fara maganar ajiyar kuɗin hajjin baɗi sai ya kai su wurin 'yan canji, wani matashi ya jujjuya takardun ya mayar masa, ya ce ai Sarauniya ta rasu, kuɗinta ma sun bi ta. Wani kuma ya ja shi gefe ya ce zai taimaka masa ya saya, amma sai an zubar da kashi ɗaya cikin uku, saboda sai ya aika da su kasuwar 'yan canji ta Zone 4 a Abuja, can ma sai an nemi mai tafiya Landan.

Maganar matashin ba gaskiya ba ce, sai dai na fahimci inda ta samo asali. Sarauniya Elizabeth ta rasu ranar 8 ga Satumba 2022, tsofaffin takardun fam 20 da fam 50 kuma sun daina aiki a kasuwa bayan 30 ga watan, don haka ga wanda yake zaune a Jos abubuwan biyu sun zo a jere har ya zaci ɗaya ne ya haifi ɗaya. Bankin Ingila ya daɗe yana maye gurbin kuɗin takarda da na leda, ɗaya bayan ɗaya. Tsohuwar fam 5 ta daina aiki a Mayun 2017, fam 10 a Maris ɗin 2018. Sabuwar fam 20 ta leda ta fito a Fabrairun 2020, fam 50 a Yunin 2021, kuma tun a lokacin aka sanar da ranar da tsofaffin za su daina aiki, wato an bai wa mutane fiye da shekara guda su shirya. Na ledan ma a lokacin hoton Sarauniyar ne a jikinsu, kuma ana ta kashe su. Abin da ya fi muhimmanci ga Kawu shi ne, ƙa'idar bankin ita ce duk takardar da ya taɓa bugawa zai karɓe ta ya biya cikakkiyar darajarta komai daɗewa, babu ranar rufe ƙofa. Na ce masa, "Kawu, kada ka sayar. Kuɗinka bai mutu ba, shago ne kawai ba zai karɓa ba. Ka ba ni na tafi da su." Ya yi shiru, sannan ya sa aka kira babban ɗansa ya zama shaida, aka rubuta takarda muka sa hannu, ba don rashin yarda ba sai don rai da ajali.

Na koma Manchesta a tsakiyar watan da ambulan ɗin Kawu a aljihun ciki, da kuma naira 85,000 tawa da ta rage. Duk matafiyi yakan bar irin wannan kuɗi a jakar fasfo, don ranar da ya sake sauka a filin jirgin Abuja ya sami abin biyan tasi zuwa tasha, da kuɗin motar Jos, da ɗan abin miƙa wa yara da tsofaffi idan an zo sannu da zuwa. Ban daɗe da komawa aiki ba, ranar 26 ga Oktoba, gwamnan Babban Bankin Najeriya na lokacin, Godwin Emefiele, ya sanar cewa za a sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, sababbin za su fito ranar 15 ga Disamba, tsofaffin kuma su daina aiki bayan 31 ga Janairu 2023. Ya ce a cikin naira tiriliyan 3.23 da ke yawo a ƙasar, tiriliyan 2.73 suna wajen bankuna. An kawo hujjar jabun kuɗi, da hauhawar farashi, da kuɗin fansa da ake kai wa masu garkuwa da mutane, ana kuma ta raɗe-raɗin cewa 'yan siyasar da suka tara kuɗin sayen ƙuri'a ake nufi, tunda zaɓe yana tafe ranar 25 ga Fabrairu. Mutumin Filato ba ya buƙatar a yi masa bayanin garkuwa da mutane, don haka ban ga aibin manufar ba. Amma da na dubi jakar fasfona sai na tuna da karin maganar nan, abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Na fara da amanar Kawu. Hanyoyi suna da yawa. Wasu rassan gidan waya suna canza tsofaffin takardun, amma ba su wuce fam 300 ga mutum ɗaya cikin shekara biyu. Ana iya cike takarda a aika da kuɗin ta gidan waya zuwa Bankin Ingila, har daga ƙasashen waje, sai dai idan sun ɓata a hanya asarar mai aikawa ce, ni kuwa ba zan jefa kujerar Makkan dattijo cikin akwatin wasiƙa ba. Saboda haka a wata ranar hutuna cikin Nuwamba na shiga jirgin ƙasa zuwa Landan, na nufi titin Threadneedle inda bankin yake, wanda aka kafa tun 1694. Na tarar da layi har waje, kuma mafi yawan waɗanda ke cikinsa baƙi ne irina, Indiyawa da Larabawa da 'yan Afirka, kowa da ambulan ɗinsa, da alama da yawansu aiken wani tsoho ne daga gida. Da aka zo kaina aka ba ni takarda na cike, aka duba fasfona da shaidar adireshina, aka tambaye ni asalin kuɗin, na nuna takardar da muka rubuta a Gangare na yi bayani. Ma'aikaciyar ta ƙirga, ta duba ingancinsu, ta miƙo mini sababbi na leda, fam 2,000 cif, ko kwabo ba a cire ba.

Daga bakin ƙofar bankin na kira Kawu. Bayan hamdala da sa albarka na tambaye shi ko na canza su zuwa naira na tura masa, tunda a lokacin fam ɗaya ya kai wajen naira 900 a kasuwar bayan fage. Ya ce a'a. Ya ce shi ya ga 1973 da aka bar fam da sule aka koma naira da kwabo, ya kuma ga Afrilun 1984 lokacin da wannan Buharin, yana shugaban mulkin soja, ya sauya launin kuɗi, aka rufe iyakokin ƙasa, aka ba mutane abin da bai kai mako biyu ba, kuma ba a canza wa mutum fiye da naira 5,000 a hannu. Ya ce ya san fatake da canjin ya riske su a Agadas da Kumasi, suka dawo da damman takardun da ba su sayen ko goro. "Ka riƙe mini a fam, ɗana, sai ƙura ta lafa." A duk mutanen da na yi hulɗa da su a wannan lamari, shi ne ya fi kowa hangen abin da ke tafe, kuma bai taɓa karanta jaridar tattalin arziki ba.

Tawa nairar ita ce ba ta da ƙofa. Ban san wani kantin canji a Manchesta da ke karɓar naira ba ko a lokacin lafiya, babu kuma wani wuri da na sani a Ingila da mutum zai kai tsofaffin takardun a sa masa a asusunsa na gida. Dole sai takardar ta koma Najeriya da jikinta kafin wa'adi. A zauren WhatsApp na Hausawan garin magana ta tashi, sai ga shi kusan kowa yana da nasa: ɗalibi mai naira 20,000, likita mai 150,000, wata baiwar Allah da aka yi wa liƙi a bikin ƙanwarta ta taho da kuɗin ba ta ko ƙirga ba. Nan da nan wani mutum ya bayyana yana saye a rabin daraja, yana cewa yana da mai tafiya kowane mako. Wasu sun sayar masa, kuma ban zarge su ba, domin wanda bai san ranar komawarsa ba yana ganin rabi ya fi babu. Mu ma da sauƙi a kan mutanen Maraɗi da Damagaram da Birnin Ƙonni, inda naira take yawo a kasuwanni tamkar sefa, jarin ɗan kasuwa gaba ɗaya yana iya kasancewa cikinta, alhali ba shi da asusu a Najeriya ballantana lambar BVN.

Mun sami mafita ta hannun wata Hajiya, matar ɗaya daga cikin dattawanmu, wadda za ta je Abuja ɗaurin aure a makon ƙarshe na Janairu. Bayan sallar Juma'a aka taru, kowa ya sa nasa a ambulan, ya rubuta sunansa da adadin da lambar asusun da za a zuba, aka kuma rubuta duka a takarda ɗaya aka ɗauki hotonta aka sa a zaure. Hajiya ta sauka Abuja ta tarar bankuna suna buɗewa har Asabar da Lahadi don karɓar tsofaffin kuɗi. Ɗanta ya kama layi a wani reshe a Wuse tun bayan sallar asuba ranar Asabar 28 ga wata, bai fito ba sai bayan la'asar, kuma kowace ambulan sai da ya cike mata takardarta daban. Washegari Lahadi, bayan gwamnan bankin ya gana da shugaban ƙasa a Daura, aka ƙara wa'adi zuwa 10 ga Fabrairu. Hajiya ta rasa walimar da ta kai ta saboda zaman jiran yaron, kuma da muka haɗa mata ɗan abin godiya ta mayar mana.

Duk wannan ƙaramin abu ne idan aka gwada da abin da ke faruwa a ɗakin mahaifiyata. Inna uwar adashe ce tun ina firamare. A wannan zagayen mata 24 ne, kowacce tana zuba naira 5,000 duk Juma'a, mai kwasa ta ɗauki 120,000. Masu awara ne da ƙosai da masa, da masu kunun gyaɗa, da masu sarin gwanjo a Katako, da masu saro dankalin Turawa da kabeji a Farin Gada su kasa a ƙofar gida. Ban da zubi, da yawansu a wurinta suke ajiyar kuɗin kayan ɗakin 'ya'yansu, domin abin da ya kwana a ɗakin mace idon maigida da na yara yana kansa. Inna tana rubuta komai da ajami a littafin makaranta, kuma da ajamin jikin takardar da launinta take gane kuɗi. Ba ta taɓa buɗe asusun banki ba. Da Janairu ya kama, akwai sama da naira 900,000 na mutane a akwatinta, kusan duka tsofaffin dubu-dubu da ɗari biyar-biyar, sababbin kuwa in ban da a hoton waya ba ta taɓa ganinsu ba.

Sunan mahaifinta aka sa mini, don haka ba ta kiran sunana. Ta kira ni wani dare ina tsakiyar aiki ta ce, "Babana, kuɗin mutane zai mutu a hannuna. In nawa ne da sauƙi." Ta yi ƙoƙarin mayar wa kowacce nata, amma yawancinsu suka ƙi karɓa, domin su ma ba su da inda za su kai, kuma kowacce ta fi son wa'adin ya riski kuɗinta a hannun Inna. An fito da wani shiri na musayar kuɗi ta hannun wakilai ranar 23 ga Janairu, amma naira 10,000 ake canza wa mutum, kuma don ƙauyuka aka tsara shi. Ƙanena yana da asusu, sai dai irin na ɗalibai ne mai iyaka, ba ya ɗaukar wannan adadi. Daga ƙarshe aka kasa kuɗin uku: kashi ɗaya asusun ƙanena, kashi ɗaya na mijin ƙanwata, mafi yawa kuma, naira 500,000, aka zuba a tsohon asusuna na albashi. Ƙanena ya yi sammako cikin sanyin hunturun Jos, wanda duk wanda ya san garin ya san yadda yake shiga ƙashi, da kuɗin a cikin jakar makaranta, ya bi layi a wani banki da ke kan titin Ahmadu Bello har aka karɓa. A ranar Inna ta yi barci.

Shigar kuɗin ta zo da sauƙi, fitarsu ce ta gagara. Kafin ƙarshen Fabrairu kuɗin da ke yawo a ƙasar ya sauko ƙasa da naira tiriliyan 1, wato an kwashe tsofaffi ba a saki sababbin da za su maye gurbinsu ba. An ce banki zai ba mutum naira 20,000 a rana, amma abin da ƙanena yake samowa bayan wuni guda a layi bai wuce 5,000 ba, wata rana 2,000, wata rana a ce a dawo gobe. Na'urorin ATM babu komai a cikinsu. Tiransifa takan tafi ta maƙale, an cire a nan ba ta isa can ba. Ga kuma ƙarancin man fetur a lokaci guda. Masu POS a unguwarmu suka mayar da naira haja, suna karɓar 2,000 a kan kowace 10,000, wani lokaci fiye. A kudu har an ƙona bankuna a wasu garuruwa. Ni kuma da na je taɓa kuɗin da ke asusuna sai na tarar bankin ya daskarar da shi saboda daɗewa ba a yi hulɗa da shi ba: yana karɓa, ba ya bayarwa. Layin wayar da ake turo lambar sirri ta kansa ya daɗe da rufewa. Na yi ta rubuta musu wasiƙa ta imel, amsar ɗaya ce, sai na zo reshe da kaina.

Ranar Juma'a ba ta jira. Wadda kwasa ta faɗo kanta a tsakiyar Fabrairu mai ƙosai ce, kuma ta sa ranar auren 'yarta kafin azumi, wanda ya kama 23 ga Maris. Kafinta yana jiran cikon kuɗin gado da kujeru, ya ce ba ya karɓar tiransifa domin masu katako ma ba sa karɓa. Matar ta zo ta zauna a tsakar gidanmu ba ta ce komai ba, Inna ma ba ta ce komai ba, ƙanwata ce ta kira ni tana kuka. Abin da na yi shi ne, na riƙa tura albashina daga Manchesta zuwa asusun ƙanena a madadin abin da ya maƙale a nawa, shi kuma yana bi masu POS yana sayen tsabar kuɗi da la'ada. Don a haɗa wa mai ƙosai 120,000 ɗinta sai da 24,000 suka tafi a iska. Zubi ma ya rikice, saboda cinikin matan ya tsaya: mai sayen awarar naira 100 ba shi da naira 100 a hannu, ita kuma ba ta da asusun da zai tura mata. A Farin Gada manoman da suka kawo tumatir da kabeji suna karyar da su ga duk wanda ya nuna tsabar kuɗi, domin kayan gwari ba ya kwana.

A sama kuma magana tana ta sauyawa. Jihohin Kaduna da Kogi da Zamfara sun kai ƙara Kotun Ƙoli, ranar 8 ga Fabrairu kotun ta dakatar da wa'adin 10 ga wata. Ranar 16 ga wata Shugaba Buhari ya yi jawabi ya ce tsohuwar naira 200 kaɗai za ta ci gaba da aiki har 10 ga Afrilu, 500 da 1,000 kuwa sai a kai Babban Banki. A Jos wannan ya sa mai shago ya karɓi tsohuwar dubu da safe ya ƙi ta da yamma, gwargwadon abin da ya ji a rediyo. Ranar 3 ga Maris kotun ta yanke hukunci cewa ba a ba jama'a isasshiyar sanarwa yadda doka ta tanada ba, kuma tsofaffin takardun za su ci gaba da aiki har 31 ga Disamba 2023. Sai ranar 13 ga Maris Babban Banki ya umarci bankuna su bi hukuncin, suka fara fito da tsofaffin takardun da aka sha wahalar kai musu. Ƙanena ya ce ranar da aka miƙo masa damin tsofaffin dubu-dubu a kanta bai san ko dariya zai yi ba. Daga baya, ranar 29 ga Nuwamba 2023, kotun ta cire wa'adin gaba ɗaya, tsofaffi da sababbi suka ci gaba da yawo tare.

Saboda haka ba takarda ko ɗaya da ta mutu. Wani abokin aikina ɗan Bauchi, wanda bai sami kawo ambulan ɗinsa ranar da Hajiya za ta tafi ba, ya riga ya yi wa naira 60,000 ɗinsa ta'aziyya, amma da ya je gida a ƙarshen shekara ya kashe su lafiya lau. Waɗanda suka yi asara su ne waɗanda suka sayar a rabin daraja a Manchesta, da irin su mai ƙosai, da manomin tumatir, kuma kuɗin da suka rasa bai ƙone ba, aljihun masu tsayawa a tsakani ya koma. A ganina bambancin abin da na gani a Landan da abin da aka gani a Jos ba na wayewa ba ne ko na arziki, na lokaci ne. A can an buga sababbin da suka wadata, an bar su sun yi watanni, wasu ma fiye da shekara, suna yawo tare da tsofaffi, sannan aka bar ƙofa a buɗe ga wanda ya makara, shi ya sa mai son sayen fam ɗin Kawu da rangwame bai da abin tsorata shi da shi sai jahiltar ƙa'ida. A nan kuwa mako shida da 'yan kwanaki ne tsakanin fitowar sababbi da wa'adin farko, a ƙasar da miliyoyin mutane ba su da asusu.

Kawu ya ce na tura kuɗinsa a watan Afrilu, bayan hukumar alhazai ta ƙasa ta sanar da kuɗin kujera, wanda ya kusa naira miliyan 3. Na tura kai tsaye asusunsa, ya sayar da wani fili ya cika, aka biya ta banki ba tare da ya taɓa takarda ko ɗaya ba. Ya tsaya Arfa a ƙarshen Yunin 2023. Asusuna kuwa sai da na zo gida da kaina na tsaya gaban ma'aikacin banki da fasfo aka buɗe shi.

Lissafin adashe shi ya fi ɗaukar lokaci. Bayan ƙaramar salla Inna ta tara matan a tsakar gida, ta buɗe littafinta, ta karanta musu abin da ya tafi wurin masu POS daga Fabrairu zuwa tsakiyar Maris, ya kama naira 71,000. Ta ce ita za ta biya, tunda ita ta yanke shawarar kai kuɗin banki. Na riga na gaya mata ta bar mini wannan, ta ce a'a, ni ɗa ne ba ɗan adashe ba, kuma abin da na yi ya isa. Matan suka yi ta muhawara har magariba. Wasu suka ce kowacce ta ɗauki la'adar kwasarta, wasu suka ce wannan zalunci ne ga waɗanda layinsu ya faɗo cikin wahala, domin ba su suka zaɓi watan ba. Mai masa, wadda ta fi su shekaru kuma ta riga ta kwashe nata tun Nuwamba, ita ce ta ce a raba daidai a kan mutum 24, a sa har da ita. Aka amince, ya kama kusan 3,000 kowacce, aka biya cikin mako uku.

Da zagayen ya ƙare Inna ta ce ta gaji, ta miƙa littafin ga ƙanwata. Ƙanwata ta buɗe asusu na musamman don adashen, ta kai tara daga cikin matan suka yi BVN, yanzu waɗannan da waya suke zubi, ita kuma tana rubutawa da boko. Mata uku sun fita, sun ce ba za su sa kuɗinsu inda ba sa ganinsa ba, suka koma wani adashe a Rikkos. Ragowar suna kawo nasu a hannu duk Juma'a, kuma sun kafa sharaɗi cewa kuɗin kwasa biyu zai riƙa zama a gida, ba zai shiga banki ba ko wace irin sanarwa aka yi.